Wai ban da kwana, akwai abin yi a Suleja?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Aiki ya kawo ni Abuja, kuɗin haya ya koro ni Suleja, yanzu ina zaune a Kwamba. Garin kam ban san shi ba, don da asuba nake fita, sai bayan isha'i nake shigowa, ranar Asabar da Lahadi kuma barci nake ramawa. To ga shi an yi dogon hutu, Hajiyarmu za ta zo daga Funtuwa da jikokinta, ga nawa yaran a gida. Ina zan kai su? Ba na so kullum a ce sai an shiga Abuja, mai ya yi tsada. 'Yan gari a taimaka.

Direban Zuba:
Wa alaikumus salam. Oga ka ba ni dariya. Abin gani a Suleja? Akwai gosulo, akwai kwata, akwai 'yan acaɓa. Ka ɗebe su ka kai su Jabi su ga ruwa su sha askirim ku dawo. Mu da muke jigilar mutane kullum mun san garin nan wurin ajiye katifa ne kawai.

Ɗan Bakin Iku:
Direba ka ji tsoron Allah. Garin da yake ciyar da kai shi kake yi wa wannan cin fuskar? Wace Abujar ma kake tura shi? Sunan ma a wajenmu aka karɓa. Lokacin da garin nan yake da sarki da ganuwa da kasuwa, inda Jabi take yanzu gonaki ne da ƙauyuka.

Direban Zuba:
To Yaya, tarihi zai ba yaran su ci?

Maman Ilham:
Ku bari a ba bawan Allah amsa kafin ku fara. Baban Khalifa, ka fara da na kusa. Dutsen Zuma yana nan Madalla a bakin titin Kaduna, kullum kana wuce shi a mota amma na tabbata ba ka taɓa tsayawa ba. Ka nemi tsohuwar naira ɗari mai hoton dutsen a bayanta, ka ba yaran su riƙe, su tsaya su haɗa da na gaske. Nawa yaran wannan kaɗai ya ishe su surutun mako guda. Ka je da yamma bayan la'asar, rana ta yi sanyi, kuma a lokacin ne fuskar mutum da ke jikin dutsen ta fi fitowa, idanu biyu da hanci da baki. Yanzu da damina in an yi ruwa za ku ga yana gangarowa ta jikinsa layi-layi, wani lokacin gajimare ya rufe kansa ruf.

Baban Khalifa:
Na gode Maman Ilham. Ana hawansa ne?

Maman Ilham:
Da yara da tsohuwa? Ka rufa wa kanka asiri. Daga gindinsa zuwa sama ya kai kimanin mita 300, kuma sulɓi ne. Masu hawa akwai, amma da 'yan jagora da igiya suke yi, kuma ba da damina ba. Ku dai ku tsaya a ƙasa ku yi hoto. Akwai wurin shaƙatawa da aka gina a kusa da shi har da filin golf, in aljihu da nauyi sai ku shiga, in babu kuma kallon dutse kyauta ne.

Direban Zuba:
Kada dai ku kai magariba a wajen. Dutsen nan da mutanensa. Mu da muke kwana a hanya mun sha jin labarin wuta na ci a kansa cikin dare.

'Yar Kwali:
Direba, labarin wuta da aljanu kowa ya ji shi, amma abin da kakanninmu Gbagyi suka fi faɗa shi ne duwatsun yankin nan mafaka ne. In mahara suka taso, nan ake gudu a ɓuya da mata da yara da hatsi. Shi ya sa ake girmama su. Ni na fi so a gaya wa yara wannan, maimakon a tsorata su da dodo.

Bazazzagi:
Ni tambayata ɗaya. Dutsen na Abuja ne ko na Neja? Don duk wanda ya zo daga Kaduna ya hango shi sai ya ce an iso Abuja.

Ɗan Bakin Iku:
Na jihar Neja ne, ba tantama. Madalla Neja ce, sai ka shiga Zuba ka taka Babban Birnin Tarayya. Amma kowace talla ta yawon buɗe ido a Abuja da hoton dutsenmu ake yin ta. An ɗauki suna, an ɗauki ƙasa, dutsen ma so ake a haɗa.

Baba Mai Ritaya:
Assalamu alaikum 'ya'yana. Na ga ana ta taɓa tarihi sama-sama, bari in ɗan shimfiɗa shi, domin shi Baban Khalifa in ya kai mahaifiyarsa ƙofar fada ya san abin da zai ce mata.

A farkon ƙarni na 19 da mayaƙan jihadi suka ci Zariya, Sarkin Zazzau na Haɓe Muhammadu Makau ya fito da jama'arsa ya yo kudu, ya sauka Zuba wajen ƙabilar Koro. Bai zauna lafiya ba, yaƙi ya yi ta yi har aka kashe shi a wajen Lapai a 1825. Ɗan'uwansa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja, ya gaje shi, shi ne ya kafa garin nan a 1828 a bakin kogin Iku, aka sa wa garin sunansa. Ya zaɓi wurin ne saboda duwatsu sun kewaye shi, ga ruwa. Daga nan har zuwan Turawa a 1902 ba wanda ya ci garin da yaƙi, duk da an gwada. Shi ya sa har gobe sarautar nan Sarkin Zazzau ake ce mata, kuma sarautun fada irin na tsohuwar Zazzau ne, su Madawaki da Galadima da Wambai da Dallatu.

Da gwamnatin Janar Murtala ta yanke shawarar ɗauke babban birni daga Legas a 1976, an yanko ƙasa daga Neja da Filato da Kwara na wancan lokaci, kaso mafi tsoka daga ƙasar masarautar nan ne. Aka bar wa sabon birni sunan Abuja, tsohon gari ya koma Suleja, don girmama sarkin lokacin, Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Unguwar da kuke kira Field Base kuwa, nan ma'aikatan hukumar gina Abuja suka fara yada zango, lokacin can babu ofis babu gida a cikin dajin. Daga nan suke fita da safe su je su auna filaye su dawo su kwana. Gwamnati ba ta tare a Abuja ba sai 12 ga Disamba 1991, zamanin Babangida.

Direban Zuba:
Ka ji ko! Baba da bakinka ka faɗa. Tun farko ma kwana ake zuwa yi. Allah ya ƙara lafiya Baba.

Baba Mai Ritaya:
Ɗan nan ba ka da dama. Daga 1828 zuwa 1976 fa, su wa suke kwana suna tafiya aiki ina?

Bazazzagi:
Baba ranka ya daɗe, ni dai abin da na sani Zazzau ɗaya ce, kuma tana Zariya. Waɗannan gudu suka yi suka bar mana gari.

Ɗan Bakin Iku:
Gudun da aka biyo mu aka kasa kama mu ba. Ka tambayi kakanninka yadda suka koma.

Admin:
Zage-zagi na gida da na daji, a yi wasa da hankali. Mutum ya tambayi inda zai kai Hajiya ne.

Baban Khalifa:
Wallahi Baba na ƙaru. Ina zaune a gari ban san komai a kansa ba. Ana barin mutum ya shiga fadar?

Baba Mai Ritaya:
Ƙofar fada ta kowa ce. Ka je ranar Juma'a ka yi salla a babban masallaci, ka tsaya ka ga fitowar sarki da dogarai da masu algaita. Sarkin yanzu, Malam Muhammadu Awwal Ibrahim, shi ne gwamnan farar hula na farko a jihar Neja, 1979 zuwa 1983. In kana son shiga ciki sai ka yi sallama da fadawa, ka faɗi abin da ya kawo ka, a yi maka iso in da hali. Ka sa manyan kaya da hula, yara su cire takalmi inda aka ce a cire. Amma in hawa kake so ka gani, sai da Salla. Ba zan ce ya kai na Kano ko Katsina yawan dawaki ba, amma a nan kana tsaye kusa har ka ji ƙarar linzami, ba hange daga nesa ba.

'Yar Kwali:
Tunda an yi maganar naira ɗari, a duba bayan naira ashirin ma. Matar da ke ginin tukunya, Ladi Kwali ce, 'yar garinmu, amma a nan Suleja ta yi aikin da duniya ta san ta da shi. Baban Khalifa, in akwai 'yan mata cikin yaran, don Allah ka kai su gidan tukwane da ke ɗauke da sunanta.

Ta koyi gini tun tana yarinya a hannun gwaggonta, irin namu na gargajiya, ba da injin juyi ba. Yumɓu ake murzawa dogo-dogo ana ɗorawa, mai ginin ce take zagaya tukunyar da baya-baya tana ja da hannu tana shafewa, tukunya na zaune wuri ɗaya. In ta ɗan sha iska sai a zana mata ado da tsinke ko wuƙa. Ita Ladi ƙadangare take zanawa da kunama da kada da kifi da hawainiya, a cikin layuka kamar an auna da ma'auni. Sarki Sulaimanu Barau yana tara tukwanenta a fada, a can wani Baturen Ingila mai ginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su. Shi ne gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauko ya buɗe makarantar koyon tukwane a garin nan a farkon shekarun 1950. Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. Ta koyi injin juyi da shafa ruwan ƙyalli da gashi a tanderu mai tsananin zafi, amma manyan randunanta da hannu ta ci gaba da gina su. An kai kayanta London an nuna, ta zaga Turai da Amurka tana gini a gaban jama'a, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, macen da ba ta yi boko ba. Ta rasu a Minna a 1984.

Maman Ilham:
Ikon Allah. Ni fa na ɗauka kawai zane ne aka yi na wata mata.

Direban Zuba:
Anti 'Yar Kwali, ki faɗa masa gaskiya dai. Wurin yana nan yadda kike ba da labarin?

'Yar Kwali:
Ba ya nan yadda yake da, ban ɓoye ba. Ya ja baya sosai, jaridu ma sun sha rubutawa. Wanda ya je da tunanin zai ga gidan tarihi mai gilasai da fanka zai sha mamaki. Amma wurin ne dai, nan ta zauna ta yi aiki, kuma tsofaffin da suka san zamanin ba su ƙare ba. In kuma so kake yara su ga ana gini da idonsu har su taɓa yumɓu, akwai Ushafa ta wajen Bwari, inda Bill Clinton ya je a 2000, mata na nan suna yi.

Ɗan Bakin Iku:
Wannan shi ne abin da yake ci mini rai. A Abuja akwai titi da sunanta, akwai babban zauren taro da sunanta, ana shiga da kwat da turare. Inda ta yi gumin kuma an bar shi. Direba yana cewa babu abin gani, alhali akwai, gyara ne babu.

Injiniya Sabon Wuse:
Yaya Ɗan Bakin Iku, na yarda da rabin maganarka. Amma kullum Abuja ta cuce mu, Abuja ta ƙwace mana, yaushe za mu dubi kanmu? Wa ya hana masu kuɗin garin nan su gyara wuri ɗaya su sa mai gadi da banɗaki su karɓi kuɗin shiga? Filaye kawai ake yankawa ana gina ɗaki-ɗaki na haya, ko hanyar ruwa ba a bari. Duk wanda ya samu kuɗi Gwarimpa yake komawa. Ba Abuja ce ta ce a zuba shara a Iku ba.

Ɗan Bakin Iku:
Injiniya, garin da aka gina don mutanensa, rana ɗaya aka juye masa jama'ar wani birni. Lokacin rusau na zamanin El-Rufa'i a Abuja ina mutane suka nufa? Da aka hana acaɓa a tsakiyar Abuja a 2006 ina 'yan acaɓan suka koma? Nan da Madalla da Mararraba. Suna aiki a can, harajin albashinsu a can, amma asibitinmu da makarantunmu da rijiyoyinmu suke amfani da su. Ku kanku mutanen Sabon Wuse ai daga Wuse aka taso ku aka kawo nan.

Injiniya Sabon Wuse:
An taso iyayenmu, gaskiya ne. Kuma in ƙara maka da wanda ba ka faɗa ba: ruwan kogin Gurara da bututu ake janyo shi daga madatsar da ke jihar Kaduna zuwa madatsar Usuma don Abuja ta sha, mu kuma muna nan muna jiran mai kura da jarkoki. Duk na san wannan. Amma baƙin nan da kake kuka da su, su ne suke cika kasuwar Babangida, su suke biyan hayar da ake aurar da 'ya'ya da ita. Ba a cin naman mutum a ce kuma warinsa ya dame ka.

Baban Khalifa:
Ni dai ɗaya ne daga cikin baƙin, a yi mana afuwa. Injiniya ka ambaci Gurara, ita ce mai ruwan da ke zubowa daga dutse?

Injiniya Sabon Wuse:
Ita ce, kuma in ka tambaye ni, duk yankin nan babu kamarta. Ka kama hanyar Minna, ka wuce mahaɗar Dikko da Lambata, sai ka saki babban titi ka shiga ciki wajen ƙauyen Bonu. Tsayin inda ruwan ke faɗowa kimanin mita 30 ne, amma faɗinsa ne abin kallo. Yanzu a watan Agusta zuwa Satumba ya cika ya batse, ruwan ja wur saboda laka, tun kafin ka gan shi za ka ji rugugi, in ka matsa feshi ya jiƙa maka riga, sai ka ɗaga murya na kusa da kai zai ji ka. Da rani kuwa, wajen Janairu zuwa Maris, yana raguwa ya rabu gida-gida, ya yi fari, duwatsu su fito, mutane su sauka ƙasa su zauna a kan yashi.

Maman Ilham:
Ni fa a nan zan ja kunne. Baban Khalifa, in za ka kai yara Gurara da damina, daga sama za ku tsaya, wajen da aka tanada don kallo. Ko da wasa kada wani ya ce zai sauka ya taɓa ruwa ko ya hau dutse ya yi hoto. Dutsen santsi gare shi, ruwan kuma ba ya mayar da abin da ya ɗauka. An sha rasa rayuka a wurin, galibi matasa 'yan yawon makaranta. Kowane yaro a ba shi babban da zai riƙe hannunsa. Hajiya kuma a tafi mata da kujerar roba da tabarma, don gangaren ba na mai ciwon gwiwa ba ne. Ku dafa abincinku ku tafi da shi, da ruwan sha. Kada ka dogara da cewa za ka samu na saye.

Direban Zuba:
Gurara kam na sallama, wuri ne. Amma ba a Suleja take ba, ƙaramar hukumarta daban. Kun ga maganata ta fito.

Ɗan Bakin Iku:
A masarautar wa take?

Direban Zuba:
To na ji. Oga, shawarar direba: hanyar Minna fiye da shekara goma ana aikin mayar da ita tagwaye, ga tireloli da tankokin mai daga daffon Maje. Ka fita da sassafe, ka duba tayarka da safaya, ka juyo kafin la'asar. Kada dare ya same ka a hanyar ƙauyen. Kuma ka tambayi direbobin tasha yadda hanya take kwana ɗaya kafin tafiya, su suke da labarin da babu a rediyo.

Bazazzagi:
Ba wanda ya ambaci Mayanka. Ni da na zo bautar ƙasa nan aka fara kai ni.

Baba Mai Ritaya:
Mayanka tana nan kusa da gari, ruwa ne mai gangarowa a kan duwatsu, bai kai Gurara ba ko kusa. Abin da muka taso muka ji shi ne a zamanin da can ake kai waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa. Samari suna zuwa yawon Salla. Amma hanyar ƙafa ce da hawa da sauka, ban ba da shawarar a ja dattijuwa zuwa can ba. In manyan yaran maza sun matsa, a samu ɗan unguwa ya raka su, da rana tsaka, kuma ba ranar da hadari ya haɗu ba.

Maman Ilham:
Duk kun manta da abin da Hajiya za ta fi so. Tsohuwa daga Funtuwa ba dutse ne ya dame ta ba, kasuwa ce. Ka kai ta Madalla ranar Alhamis. Doya ce tuli-tuli, ka ga matan Gbagyi sun ɗauko ta a kafaɗa ba a ka ba, ga garin kwaki, ga manja, ga busasshen kifi, ga gwanjo. Mutanen Abuja da manyan motoci suke zuwa sari. Ka bar ta ta yi ciniki da kanta, kai ka tsaya daga baya, don in suka ga takalminka na ofis kuɗin ya ƙaru. Daga nan ku gangara Zuba kasuwar 'ya'yan itace, lemon Binuwai da ayaba da abarba da kankana, a kwando ake saye ba a ƙirga ba. Ranar da za ta koma a cika mata but da doya, ka ga ta tafi tana sa maka albarka.

Direban Zuba:
Ranar Alhamis! Anti kin haɗa shi da aiki. Ranar nan titin Madalla tsayawa yake cak, 'yan kasuwa sun baje har kan kwalta, mai zuwa Kaduna da mai zuwa Abuja kowa ya kashe mota. Oga in za ka, ka ajiye motarka a gida ku hau keke, ko ka isa kafin ƙarfe takwas. Waya da kuɗi a aljihun gaba.

Injiniya Sabon Wuse:
Kun ga irin abin da nake faɗa. Kasuwar da take tara wannan jama'a duk mako, a ce har yau a kan babban titin tarayya ake cin ta.

Ɗan Bakin Iku:
A nan kam ba ni da ta cewa.

Baban Khalifa:
Abinci fa? Akwai inda za a ce na garin ne?

Maman Ilham:
Sakwara za ka ba su, ta doyar gaske da aka daka a turmi, ba ta gari ba. A Funtuwa ba kullum ake samun irinta ba. Da safe masa da miyar taushe a cikin gari, da dare tsire da balangu a titin Maroko. Ƙuli-ƙulin Bida mai yaji ma ana kawowa, yara suna so. Ba zan ambaci shagon kowa ba kada a ce talla nake, ka tambayi maƙwabtanka, ko kuwa su ma ba ka san su ba?

Baban Khalifa:
Anti kin kama ni. Muna dai gaisawa a masallaci da asuba.

'Yar Kwali:
Ba kai kaɗai ba ne. Rabin mutanen Kwamba da Gauraka da Rafin Sanyi haka suke, sun fi sanin Berger da Area 1 na Abuja a kan unguwar da 'ya'yansu suke wasa. Shi ya sa ba mai tada jijiyar wuya in an ga abu ya lalace, kowa yana ganin shi baƙo ne, gobe zai tashi. Sai ka ga goben ta kai yaran da aka haifa a nan sun shiga sakandare.

Direban Zuba:
Anti yau kin taɓa ni. Ni ma da na zo cewa na yi in na haɗa kuɗin mota zan koma gida. Mota ta uku ke nan.

Bazazzagi:
Baban Khalifa, in yaran ba su taɓa hawa jirgin ƙasa ba, tashar Kubwa ba nisa daga Zuba. Tun 2016 yake zuwa Kaduna. Su Hajiya ma za su iya komawa ta nan, a tare su a Rigasa su hau mota zuwa Funtuwa, ta Zariya, su ga Zazzau ta ainihi.

Ɗan Bakin Iku:
Sai da ka sako ta dai.

Direban Zuba:
Jirgi da buhun doya da kwandon lemo? Wa zai ɗauka? Oga rabu da shi. Ka kawo su tasha da safe, motar Funtuwa ba ta wuya, mu ba Hajiya gidan gaba mu ɗaure kaya a sama. Abu ɗaya kawai, ko kai ko baƙinka kada wanda ya tsaya bakin titi ya tare motar da bai sani ba don araha, musamman da magariba tsakanin Zuba da Kubwa. 'Yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi, ba su san tsohuwa ba.

Baba Mai Ritaya:
Baban Khalifa, in kun shirya zuwa fada ka yi mini magana ta akwatin sirri. Ina sallar Juma'a a can, sai in zaga da ku cikin tsohon gari in nuna wa yaran inda ganuwa ta bi, don yanzu gidaje sun cinye ta, in ba wanda ya sani ba, ba ya ganewa.

'Yar Kwali:
Baba in ana karɓar 'yan rakiya ni ma ina so, da ɗiyata. Bayan an sauko daga masallaci sai in same ku.

Injiniya Sabon Wuse:
A sa da ni. Direba kai fa?

Direban Zuba:
Juma'a ranar lodi ce Injiniya. Ku dai ɗauko hoto ku turo.